Alkakin Sallah Mai Tafiya Biyu: Daga Apapa Zuwa Kano, Daga Kano Zuwa Agege

Da zarar azumin Ramalana ya shiga goman ƙarshe, wadda Hausawa ke kira goma ta ɗokin Sallah, sai direbobin manyan motocin da ke tashi daga Kano zuwa Kudu su fara karɓar wani irin kaya wanda ba ya shiga takardar lodi. Bokitai ne na roba, manya da ƙanana, an liƙe murfinsu da salatif, an rubuta sunan mai shi da lambar wayarsa a jiki. Direba ya cusa wasu a bayan kujerarsa, yaron mota ya ɗaure sauran a saman buhunan albasa ko na wake. Abin da ke ciki kuwa alkaki ne da nakiya da dublan da cincin, masu jiransu kuma suna can Agege da Idi-Araba da Mile 12 a Ikko, da unguwar Sabo ta Ibadan da ta Shagamu, har zuwa Anaca da Fatakwal.

Wanda bai taɓa yin Sallah a baƙon gari ba zai iya cewa wannan ɗawainiya ce kawai, tun da ga gidajen burodi birjik a Ikko, ga biskit ga kek a kowane kanti. Amma magidancin da harka ta hana shi zuwa gida ya san abin da ake ciki. An sauko daga Idi, 'yan'uwa da abokan ciniki sun cika masa ɗan falon da yake haya, yara sun shigo yawon Sallah, maƙwabcin da ya aiko masa da shinkafa da kaza ran Kirsimati yana jiran nasa rabon. In aka fito da faranti babu alkaki babu nakiya, ba wanda zai ce uffan, amma uwargida ta san an gani, shi ma ya sani. Amaryar da wannan ce Sallarta ta fari a ɗakin miji kuwa, dangin miji sun zuba ido su ga abin da iyayenta za su aiko daga gida.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, galibin abin da ke cikin bokitin nan daga Ikko ya taso tun farko. Alkamar da aka yi fulawa da ita da sukarin da aka dafa, a tashar jirgin ruwa ta Apapa suka sauka, aka hau da su Arewa a tirela, mata suka sarrafa su a cikin birnin Kano, sa'an nan aka sake ɗoro su a mota suka dawo inda suka fito. Tsakanin Kano da Ikko tafiya ce ta sama da kilomita 1,000. Watau mai saye a Agege yana biyan kuɗin mota sau biyu a kan alkaki guda, kuma ko ya sani ko bai sani ba, duk abin da ya taɓa dala ko man mota sai ya taɓa farantinsa na Sallah.

GIDAN DA BABU ALLO A ƘOFA

Wanda ya sauka Kano yana neman gidan burodin da ake sayar da alkaki zai sha yawo. Masu wannan sana'a mata ne, a cikin gidajensu suke yi, a lungunan tsohon birni da unguwannin da ke kewaye da shi, kuma da wuya a ga allo a ƙofa. Da baki ake sanin su. Wance ce ta yi wa wance kayan gara da ta aurar da 'yarta, aka yaba, sai suna ya tafi. Wasu sun gaji sana'ar daga iyaye da kakanni, har akan san gida da abin da ya ƙware a kai, a ce nan gidan alkaki ne, can kuma gidan nakiya.

A da, magidanta masu hali ba sa sayen waɗannan abubuwa. Ana saura mako guda Sallah matan gida ke haɗuwa, kishiyoyi da surukai da 'yan mata, wannan na daka wannan na tankaɗe, a cika kwalla da fanteka a ajiye a ƙarƙashin gado. Abin da ya canja shi ne gidajen sun rarrabu. Matar da ke zaune a ɗaki ɗaya ko biyu na haya, da yara ƙanana, ko kuma tana zuwa aikin ofis ko koyarwa, ba ta da turmi, ba ta da tsakar gida, ba ta da hannuwa goma da aikin ke bukata. Saboda haka sai aikin ya koma hannun waɗanda suka riƙe shi sana'a, saye ya maye gurbin yi.

Sunayen kansu suna faɗin asalin abin. Kalmar alkama daga Larabci ta fito, haka ma alkaki, wanda ɗan'uwa ne ga irin wainar da mutanen Masar ke toyawa har gobe domin Ƙaramar Sallah, suna kiranta kahk. Gireba da bakilawa da alewa da gurasa, har da tanderun da ake gasa gurasar a ciki, duk baƙin kalmomi ne da suka zama 'yan gida. Fataken Larabawa na Tarabulus da Gadamas, waɗanda suka zauna a Dandalin Turawa da kewayen kasuwar Kurmi tun kafin zuwan Ingilishi, su ne ake danganta yawancin wannan girki da su. A wancan zamani alkama abincin sarakuna da attajirai ce, ana noma ta kaɗan-kaɗan a fadamu da ban-ruwa lokacin sanyi. Shi ya sa har yanzu fito da alkaki a gaban baƙo girmamawa ce, ko da kuwa baƙon yana cin burodi kullum safiya.

Yadda ake yin alkaki na ainihi ya isa ya nuna wa mai saye abin da yake biya. Ƙwayar alkama ake samu, a tsince ta, a wanke, a shanya, a kai inji a ɓarza ta, ba a niƙa ta ta yi laushi kamar fulawa ba. Sai a murje ɓarjin da mai, a kwaɓa da yis ko nono mai tsami, a rufe a bar shi ya kwana. Da safe a sa ɗan ruwan kanwa domin a kashe tsamin, a zuba a turmi a yi ta kirɓa har ya yi danƙo. Daga nan ne ake zama a mulmula shi ɗaya bayan ɗaya a naɗe, aikin da ke cinye yini guda in odar tana da yawa. Suyarsa ba ta son gaggawa, domin in wuta ta yi yawa bayansa zai yi ja cikinsa ɗanye. Da an tsame shi daga mai, da zafinsa ake tsoma shi cikin zuma, ko cikin sukarin da aka dafa da tsamiya ko lemon tsami, a bar shi ya sha har ciki. Duk wannan kuwa mace ce ke yinsa da azumi a bakinta, a gaban murhu.

Nakiya ita ce sarauniyar tafiya. Shinkafar tuwo ake dakawa da citta da kanumfari da masoro, a tankaɗe, a soya garin a busasshiyar tukunya har ya yi ƙamshi, sa'an nan a haɗa shi da zuma ko dafaffen sukari da soyayyen man shanu, a kirɓa a cura. In an yi ta yadda ya kamata takan yi watanni ba ta lalace ba, shi ya sa matafiya da alhazan da suka riƙe ta guzuri. Dublan kuwa fulawa ce zalla, a murza ta ta yi fele-fele, yanzu ma da injin taliya ake yi, a yanka a naɗe a soya a tsoma a sukari a barbaɗa riɗi. Gireba gasa ta ake yi, kuma ba ta jure girgizar mota: wanda ya yi odarta daga Kano sau da yawa gari yake buɗewa ya tarar. Gurasar Jakara da funkasau da waina ba a ma maganarsu, kwana biyu sun yi musu yawa.

TARKON ALKAMA

Yadda aka yi fulawa ta zama ruwan dare a ƙasar nan labari ne da ya faro daga Ikko. Wani mutumin Jamaika mai suna Amos Shackleford, wanda ya zo aikin jirgin ƙasa a 1913, shi ne daga baya ya kafa gidan burodi a Ebute Metta har aka yi masa laƙabi da sarkin burodi. A 1960 aka kafa kamfanin Flour Mills of Nigeria, a 1962 injinsa na Apapa ya fara niƙa alkamar da jiragen ruwa ke kawowa daga Amurka. A shekarun 1970, da kuɗin man fetur suka shigo, aka buɗe wani injin a Bompai ta Kano, burodi da shayi suka zama karin kumallon leburori da 'yan makaranta. Fulawa ta yi arha, sukari ya yi arha, cincin da dublan suka shiga gidajen da a da sai dai su gani a gidan biki.

Gwamnati ta yi ƙoƙarin a noma alkamar a gida. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 domin ban-ruwan Kadawa da Kura, aka yi ta Bakolori a ƙasar Sakkwato ta wancan lokaci, aka yi wani babban shiri a gefen tafkin Cadi. Amma abin da ake nomawa bai taɓa kusantar abin da ake ci ba. Wasu masana biyu 'yan ƙasar Suwidin, Gunilla Andrae da Bjorn Beckman, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sun fitar da littafi a 1985 a kan wannan al'amari, suka kira shi tarkon alkama: ƙasa ta saba da abincin da ba ta iya nomawa. A watan Janairu na 1987 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama ɗungum. Manoman Kano sun ci riba na ɗan lokaci, 'yan fasa-ƙwauri ta iyakar Kwatano sun fi su ci, burodi ya yi tsada ya ƙanƙance, a ƙarshen 1992 aka janye dokar.

Har yanzu ba a fita daga tarkon ba. Ƙididdigar da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fitar game da noman 2021 ta nuna alkamar da aka girbe a Nijeriya duka ba ta kai tan 40,000 ba, alhali kuwa abin da ake shigo da shi kowace shekara ya haura tan miliyan 4. Sukari ma haka: ɗanyensa ake saye, galibi daga Barazil, a tace shi a matatun da ke Apapa da Fatakwal. To da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a Fabrairun 2022, farashin alkama ya tashi a duniya. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta da kanta. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma a tsakiyar wannan shekara hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 bisa ɗari. Duk macen da ta je kasuwar Singa ta Kano sayen buhun fulawa mai kilo 50 da buhun sukari da jarkar mai domin odar Sallar 2024 ta ga wannan lissafi da idonta, ba sai an karanta mata a jarida ba.

A nan ne abin ya rabu gida biyu, kuma ya kamata mai saye ya gane. Dublan da cincin da gireba 'ya'yan Apapa ne, ba yadda za a yi da su. Amma alkaki na ainihi da alkamar gida ake yinsa, irin ta Kadawa da kwarin Haɗeja, wadda ake samu a Dawanau. Nakiya kuwa shinkafar gida ce da man shanun Fulani da kayan yaji, kuma in an sa zuma ko mazarƙwailar Maƙarfi a madadin farin sukari, babu abin da ya haɗa ta da jirgin ruwa. Ba wai sun fi arha ba ne, domin zuma mai kyau ta fi sukari tsada nesa ba kusa ba. Sai dai kuɗin da aka biya a kansu a hannun manomi da makiyayi yake tsayawa.

INDA AKE RAGE ZANI

Mai sana'ar da kayan aiki suka ninka mata kuɗi hanya uku gare ta. Ko ta ƙara farashi masu saye su gudu, ko ta rage girman abin, ko ta rage masa kyau. Yawancinsu ta biyun suka bi, shi ya sa alkakin da a da yake cika tafin hannu yanzu yaro ke jefa shi baki lokaci guda. Wannan ba ha'inci ba ne, tun da ido na gani. Ta ukun ita ce abin tsoro. A haɗa ɓarjin alkama da fulawa ko da garin semo domin ya yi auki. A ce zuma ce alhali sukari ne aka ƙona ya yi duhu. A sa bota ta gwangwani ko man gyaɗa a nakiya a kira shi man shanu. Mafi muni shi ne mai: a soya cincin da shi, a soya dublan, a soya alkaki, a ajiye gobe a sake, har ya yi baƙi. Abin da aka soya da irin wannan mai ranar farko ba a gane shi, sai ya kwana huɗu a bokiti ya iso Ikko, a buɗe a ji wani wari-wari, a ci a ji maƙaƙi a maƙogwaro.

Gane mai kyau ba shi da wuya ga wanda ke kusa. A karya alkaki biyu: in na kirki ne za a ga tsakin alkama a ciki, zaƙin kuma ya ratsa har tsakiya, ba a baya kaɗai ya tsaya ba. Nakiya ƙamshin man shanu ke fara isowa kafin a kai ta baki. Dublan in an taɓa shi ya kamata ya karye, ba ya lanƙwashe ba. Amma mutumin Agege ba ya kusa, ta waya yake ciniki, hoto aka turo masa, kuma hoto ba ya ƙamshi. Zuwa da kai ya fi saƙo, in ji Hausawa. Wanda ba shi da halin zuwa, to ya sa wata 'yar'uwa a Kano ta leƙa gidan ta ɗanɗana bayan shan ruwa kafin a liƙe murfi. Masu tallar kayan Sallah a Instagram da WhatsApp akwai na gaskiya da yawa a cikinsu, wasu ma 'ya'yan masu sana'ar ne suka yi boko suka fito da aikin iyayensu fili. Akwai kuma waɗanda hoton wasu suke ɗauka, a tura musu kuɗi, lambar ta daina shiga.

Sai dai in za a faɗi gaskiya, ba masu yi kaɗai ke da laifi ba. Mutum ne zai bugo waya ana saura kwana huɗu Sallah, ya ce yana son alkaki ɗari biyar da nakiya bokiti guda, ya tsaya yana taya abin kamar yana sayen tumatir da yamma a Mile 12, ya ƙi ba da kuɗin kafin alƙalami, ya ce sai kaya sun iso. Matar nan ba ta da jarin da za ta sayi buhu, wataƙila bashi ta ɗauko a wurin mai kanti, ga 'yan matan da ta ɗauka taya aiki, ga itace ko gawayi. In kaya sun iso kuma sai a shiga yi mata gobe-jibi har Babbar Sallah ta zo. Wanda ya matse mai sana'a haka, shi da kansa ya zaɓi tsohon mai da ƙonannen sukari. Araha ba ta ado. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: masu hankali tun azumi na goma suke ba da oda, su biya rabi, su bar mata lokacin da ƙullin zai kwana ya tashi.

Bayan an gama da mai yi, saura hanya. Motar da ta bi ta Abuja da Lokoja, ko ta Mokwa da Jebba da Ilori, in ta yi sa'a kwana ɗaya da wuni ne, in ta lalace ko ta tarar da cunkoso sai yadda hali ya yi. Bokitin da aka rufe da sauran ɗumi a jikin kayan zai yi gumi, gumin ya koma ruwa, kafin a iso dublan ya yi laushi. Iskar Kudu ma ba ta raga wa kayan Arewa. Alkakin da zai yi wata guda a Kano lafiya lau, a Ikko ko Fatakwal in aka bar murfi a buɗe mako biyu ya isa a ga fumfuna. Dabarar da matan da suka daɗe a Kurmi suka sani ita ce a rarraba shi a ƙananan robobi masu murfi, a buɗe ɗaya sai ta ƙare a taɓa ta gaba.

NA GIDA A BAƘON GARI

To me zai hana a saya a nan Kudu, tun da fulawar ma a nan take? Ai ana saye, kuma ba yau aka fara ba. Unguwar Sabo ta Ibadan tun 1916 aka kafa ta, Zangon Agege kuma ya girma ne da cinikin goro da tashar jirgin ƙasa, bayan da dogo ya isa Kano a 1911. Wani mai binciken al'adu, Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo a farkon shekarun 1960, ya rubuta yadda matan aure da ke cikin kulle suke dafa abincin sayarwa, yara na kai wa fatake da gwauraye, har wasu matan su tara abin hannunsu. Jikokin waɗannan mata suna nan, wasunsu ko Kano ba su taɓa kwana ba, amma suna murza dublan da cincin da ba a raina su.

Ga dublan da cincin da gireba, babu dalilin da zai sa a ɗauko su daga Kano. Fulawa ɗaya ce, sukari ɗaya ne, wanda aka yi a Agege ya fi sabunta, ba kuɗin mota, kuma mai saye zai iya zuwa ya gani ya ɗanɗana ya ƙi in bai yi masa ba. Waina da funkasau na safiyar Sallah dama dole a nan za a yi su. Inda Kano ta fi ƙarfi shi ne alkaki da nakiya, saboda alkamar gida da man shanu mai kyau da zuma ba su da sauƙin samu a Kudu, in an samu ma sun riga sun biya kuɗin mota. Wasu matan Sabo da Agege sun gano mafita, suna aikawa a sayo musu ƙwayar alkama da man shanu tun kafin azumi, su yi aikin a nan. Buhun alkama ba ya gumi a hanya, ba ya karyewa.

Gidajen burodi na zamani su ma sun shigo kasuwar. A 'yan shekarun nan kek ya zama kayan Sallah a gidaje da yawa, musamman inda akwai yara 'yan makaranta, haka ma donot da samosa. 'Yan Arewa Kiristoci mazauna Ikko, mutanen Kudancin Kaduna da Filato da Adamawa, su ma a watan Disamba irin wannan layi suke bi na kek da cincin, kuma sau da yawa mace ɗaya ce ke soya wa kowa, ta yi na Sallah ta yi na Kirsimati. Abin lura a gidan burodi shi ne lambar hukumar NAFDAC a jikin leda. Tun zamanin marigayiya Dora Akunyili, wadda ta shugabanci hukumar daga 2001 zuwa 2008, ake yaƙi da sinadarin buromet da wasu ke sa wa burodi domin ya kumbura, kuma hukumar ba ta yarda a sa sakarin a madadin sukari a burodi ba. Kek ɗin da ya yi zaƙi fiye da kima, ya bar ɗaci-ɗaci a bayan harshe, abin a yi masa tambaya ne. Matan cikin gida kuwa ba su da lamba, sunan gidansu ne lambarsu, shi ya sa wadda ta daɗe a sana'ar ta fi kowa tsoron a ce kayanta sun yi wari a Ikko.

Akwai wani lissafi kuma da masu sana'ar alkaki suka fara yi. Alkamar Kadawa da Haɗeja a tsakiyar Nuwamba ake shuka ta, a girbe a Maris zuwa Afrilu. A 2024 an yi Ƙaramar Sallah ranar 10 ga Afrilu, a 2025 ranar 30 ga Maris, watau daidai lokacin da sabuwar alkama ke shigowa kasuwa. Amma kowace shekara Sallah na matsowa baya da kamar kwana 11, kuma zuwa 2030 a farkon Fabrairu za a yi ta. A lokacin hunturu ne, bokiti zai iso Agege a bushe ba gumi, mai suya kuma za ta huta da zafin bazara. Sai dai alkamar tana gona ba ta nuna ba, dole a koma ga ta bara da 'yan kasuwa suka ɓoye a rumbunan Dawanau, a kan farashin da suka ga dama.